Babi na Bakwai: Masu Tsaron Shiru

Namijin ƙudan 'ya'yan itace, ɗan mitsitsin nan mai jajayen idanu da ke shawagi a kan ruɓaɓɓen mangwaro, yana da wani ado da macen ba ta da shi. A ƙafafunsa biyu na gaba akwai jerin gashi baƙaƙe masu kauri, kimanin goma a kowace ƙafa, sun jeru reras. Masana na kiran jerin mataji, kuma da shi namijin ke kama macen lokacin barbara. Ƙafa shida ne da ƙuda, amma na gaba kaɗai ke da wannan mataji.

A shekarar 1947, a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya da ke garin Pasadena a Amurka, Pamela Lewis tana duba ƙudaje a ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ta ci karo da wani namiji mai mataji a ƙafafun tsakiya, har da na baya. Pamela mai zane ce, tana kuma aiki a ɗakin binciken da mijinta Edward Lewis yake nazarin gadon halitta. Aka sa wa wannan tangarɗa suna Polikom, saboda yawan matajin. A lokacin ba a ɗauke ta wani babban abu ba. Ƙarin gashi ne a ƙafar ƙuda, an rubuta shi cikin jerin tangarɗun da aka sani, aka ci gaba da wasu ayyukan.

To amma ƙafar baya da ta fito da mataji ƙafa ce da ta ɗauki kanta ta gaba. Ƙwayoyin da suka gina ta sun manta inda suke a jiki. Yadda ƙwayar halitta ke tuna ko ita wace ce, da abin da ke faruwa ranar da ta manta, shi ne zancen wannan babi.

Mutum daga ƙwaya guda yake farowa. Ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, a yi ta tafiya har a kai ƙwayoyi sama da tiriliyan 30, iri-iri fiye da 200: na fata, na hanta, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa. Kusan dukkansu DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi, mai sadarorin gado kimanin 20,000, kowace sadara da umarnin ƙera furotin nata. Da can wasu masana sun yi zaton ƙwaya takan zubar da sadarorin da ba ta bukata idan ta zaɓi aikinta. John Gurdon ya rushe wannan zato a 1962 a Jami'ar Oxford ta Ingila, inda ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam ya dasa ta cikin ƙwan kwaɗon da aka lalata cibiyarsa, ƙwan kuma ya girma ya zama cikakkiyar halitta mai kai da ido da wutsiya. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da komai ba. Umarnin gina ido na nan a cikinta, rufe shi kawai aka yi.

Edward Lewis ya shafe shekaru sama da 30 a kan wani rukunin sadarori da ke gaya wa kowace gaɓa ta jikin ƙuda abin da za ta zama, waɗanda yau ake kira sadarorin Hox. Takwas ne a ƙuda, 39 a mutum. Kowace da yankin da take aiki: wannan a ƙirji, waccan a tsakiyar ciki, wata can kusa da ƙarshe. Shi ne ya haɗa ƙudan nan mai fukafukai huɗu da hotonsa ya cika littattafan ilimin halitta. A maƙalarsa ta 1978 ya koma kan abin da matarsa ta gano, ya duba tayin da ya gaji tangarɗar Polikom daga uwa da uba duka. Irin wannan tayi ba ya rayuwa. Da aka shimfiɗa fatarsa a ƙarƙashin madubi sai aka ga gaɓoɓin ƙirji da na ciki duk sun rikiɗe sun ɗauki siffar gaɓar ciki ta takwas, ta can baya. Lewis ya fahimci cewa sadarorin da ya kamata su yi aiki a ƙarshen jiki kaɗai sun buɗe baki ko'ina, domin mai hana su ya faɗi. A 1995 ya karɓi kyautar Nobel tare da Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus.

Shekarar 1985 ta kawo abubuwa biyu. Gerd Jürgens a Jamus ya nuna cewa Polikom ba shi kaɗai ba ne, dangi ne guda na sadarori masu aiki iri ɗaya. Gary Struhl da Michael Akam kuwa sun bi tayin da ya rasa ɗaya daga cikin dangin, suna kallon wata sadarar Hox awa bayan awa. Da farko komai daidai: ta kunnu inda ya dace, ta yi shiru inda ya dace. Sai bayan 'yan sa'o'i shirun ya fara karyewa, sadarar ta soma aiki a wuraren da ba nata ba.

Wannan gwaji ya fayyace rabon aiki. Furotin da ke tsara jikin tayin ƙuda tun farko, masu cewa nan kai nan ciki, ba sa wuce 'yan sa'o'i kafin su ɓace. Amma ƙuda na bukatar kwana goma kafin ya fito da fukafukai, ƙwayoyinsa kuma na ta rabuwa a tsakani. Masu yanke hukuncin sun tafi, hukuncin kuwa dole ya ci gaba da aiki. Dangin Polikom ba su ke zaɓar sadarar da za a rufe ba. Nasu shi ne su tabbatar wadda aka rufe ta zauna a rufe, ita da 'ya'yan ƙwayar da jikokinta.

Da wane hannu suke yin haka? Amsar ta ɗauki wasu shekaru 17, ta kuma biyo ta wata hanya daban.

Zaren DNA na ƙwaya guda, idan aka miƙe shi, ya kai mita biyu. Cibiyar da ke ɗauke da shi kuwa faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Dole a naɗe shi, abin da ake naɗe shi a kai kuma shi ne histon, furotin da Albrecht Kossel ya fara cirowa daga jinin dinya a 1884. Histon takwas ke haɗuwa su yi dunƙule, zaren ya zagaye dunƙulen kusan sau biyu da haruffa 147, ya ɗan miƙe, ya sake zagaye wani. Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsari a 1974, a 1997 kuma Karolin Luger da Timothy Richmond suka fitar da siffarsa dalla-dalla a Zurik. Ƙwaya guda na da irin waɗannan dunƙule kusan miliyan 30. Kowane histon yana da 'yar wutsiya da ta leƙo waje, a kan wutsiyar nan kuma ake liƙa ƙananan alamomin sinadari.

Tun 1964 Vincent Allfrey, a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York, ya lura cewa inda aka liƙa wa histon alamar asetil, a nan sadarori suka fi aiki. Ba a ba maganarsa muhimmancin da ya kamace ta ba. Shekaru 30 mafi yawan masana na kallon histon a matsayin abin naɗi kawai, marar ruwa da tsaki. Sai a 1996 David Allis ya kama enzayim ɗin da ke liƙa asetil, ya tarar furotin ne da aka riga aka sani da kunna sadarori. A shekarar dai Stuart Schreiber ya kama mai cirewa, ya tarar na masu rufewa ne. A 2000 Thomas Jenuwein a Biyana ya nuna wani enzayim da ke liƙa alamar metil, sashen da yake aikin da shi kuma akwai irinsa sak a jikin ɗaya daga cikin dangin Polikom. Nan fa ɗakunan bincike suka shiga tsere. A 2002 guda huɗu suka iso kusan lokaci ɗaya, ciki har da na Yi Zhang da na Danny Reinberg da na Vincenzo Pirrotta.

Abin da suka gano shi ne dangin Polikom ba ɗaiɗai suke aiki ba, gungu-gungu suke haɗuwa. Gungun da ake kira PRC2 yana da enzayim mai suna EZH2, wanda ke zuwa kan wutsiyar histon H3, ya ƙirga zuwa gurbi na 27 inda sinadarin laisin yake, ya liƙa masa metil har uku. Ɗaya gungun, PRC1, wanda ɗakin binciken Robert Kingston ya ware a 1999, shi ke ɗauke da ainihin furotin ɗin Polikom na ƙudan Pamela. Wannan furotin na da wani ɗan aljihu da laisin mai metil uku ke shiga cif. Idan PRC1 ya sauka a wurin yakan ja dunƙulen da ke kusa ya matse su, ya kuma liƙa tasa alamar, wani ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, a kan histon H2A. Na'urar da ke karanta sadara sai ta kasa tafiya.

Shekaru goma ana koyar da labarin a haka: PRC2 ya rubuta, PRC1 ya karanta. A 2014 ɗakin binciken Robert Klose a Oxford ya nuna cewa a ƙwayoyin ɓera sau da yawa wani nau'in PRC1 ne ke riga zuwa, alamarsa kuma ita ke kiran PRC2. Kowane na kiran ɗan'uwansa, shi ya sa wurin da suka kama yake da wuyar ƙwacewa.

Akwai masu shakka da suka yi tambaya mai kyau. Wa ya ce alamar ce ke rufe sadara? Mai yiwuwa enzayim ɗin na yin wani aikin daban, alamar kuma sawu ne kawai da ya bari. Gwada wannan ba wasa ba ne, domin ƙuda na da kwafin sadarorin histon kusan 100 a jere. Ɗakin binciken Jürg Müller, a Cibiyar Max Planck da ke kusa da Munik, ya samar da ƙwayoyin da aka cire musu kwafin gaba ɗaya, aka maye gurbinsu da histon da ba shi da laisin a gurbi na 27. PRC2 na nan lafiyarsa ƙalau, wurin liƙawa ne babu. Sakamakon da suka buga a 2013 bai bar wurin musu ba: sadarorin Hox sun ɓalle, gaɓoɓi sun rikiɗe, tamkar an cire Polikom ɗin. Gwaji ne da ya cancanci a riƙa koya wa ɗalibai, saboda yadda ya raba sanadi da abin da ya zo tare da shi.

Saura babbar matsala, wato rabuwa. Kafin ƙwaya ta rabu sai ta kwafe DNA ɗinta, zare ɗaya ya zama biyu. Tsofaffin histon masu alama sai a raba su tsakanin zaren biyu, a cike giɓin da sababbi marasa alama. Kowace 'ya ta tashi da rabin abin da uwarta ke da shi. Rabuwa ta biyu a koma kwata, ta uku rabin kwata. Duk marinin Ƙofar Mata ya san idan ana ƙara ruwa a karofi ba a ƙara baba, shuɗin kan yi ta dusashewa har ya daina kama zane. Haka alamar za ta yi in babu mai sabunta ta.

A 2009 Raphaël Margueron, a ɗakin binciken Reinberg, ya gano mai sabuntawar. A cikin PRC2 akwai furotin mai suna EED, shi ma da aljihun da ke gane laisin mai metil uku. Da zarar ya kama tsohuwar alama sai ya zaburar da EZH2, aikin liƙawa ya ninka a kan sababbin histon da ke maƙwabtaka. Gungun da ya yi alamar shi ke neman ta, ya same ta, ya ƙara wata a gefenta. Ta haka tsohon histon ke koya wa sabo.

Duk da haka wannan kaɗai bai isa ba. A jikin DNA na ƙuda akwai wasu gajerun yankuna da ke zaman masauƙin Polikom. A 2017 ɗakin binciken Struhl da na Müller, kowane da nasa gwajin, suka bari shiru ya kafu a kan sadara, sannan suka yanke masauƙin suka cire. Shirun bai karye nan take ba. Ya ɗore na wasu rabe-rabe, alamar na raguwa a kowace rabuwa, daga baya sadarar ta buɗe. Ma'ana dai shirun sadara aiki ne da ƙwaya ke sake yi duk lokacin da ta rabu, tun daga tayi har tsufa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wasu dangin, Tiraitoras, masu tsaron sadarorin da aka buɗe kada a rufe su. Gurbin nan na 27 ma filin daga ne: in an liƙa masa asetil ba ya karɓar metil, in an liƙa metil ba ya karɓar asetil. Akwai kuma enzayim masu goge metil ɗin, waɗanda aka gano a 2007.

Inda aka fi ganin wannan tunawa da ido shi ne a tsirrai. A ƙasashe masu tsananin sanyi, tsiron da ya yi fure kafin hunturu ya yi asara, ƙanƙara za ta kashe furen. Wani ɗan tsiro dangin kabeji mai suna Arabidofsis yana da sadara, FLC, wadda aikinta hana fure. Muddin tana aiki, ganye kawai tsiron zai yi ta yi. Caroline Dean ta Cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila, da Richard Amasino na Jami'ar Wisconsin a Amurka, sun nuna a 2004 cewa makonnin sanyi na sa a tara alamar metil a kan FLC har ta yi shiru. Idan ɗumi ya dawo alamar ba ta gushewa, yaɗuwa ma take ta rufe sadarar daga farko har ƙarshe. Sababbin ganyen da suka fito bayan sanyi, waɗanda ƙwayoyinsu ba su taɓa jin sanyin ba, su ma sun gaji shirun. Sai tsiron ya yi fure.

Ta yaya tsiro ke bambanta sanyin mako biyu da na mako takwas? Dean da masanin lissafi Martin Howard sun ba da amsa a 2011, amsar kuwa da ban sha'awa. A kowace ƙwaya, kwafin FLC ko dai a buɗe yake ko a rufe, babu tsaka-tsaki. Abin da tsawon sanyi ke ƙarawa shi ne yawan ƙwayoyin da suka rufe tasu. Sanyi kaɗan, ƙwayoyi kaɗan. Sanyi mai tsawo, kusan duka. Lokacin yin iri kuma sai a goge alamar, domin ɗan da zai tsiro ya jira nasa hunturun. Kabeji ma sai ya sha dogon sanyi yake fure, wanda ke cikin dalilan da suka sa mai noman kabeji a ƙasa mai zafi kan sayi iri a gwangwani maimakon ya ajiye nasa.

A dabbobi masu shayarwa abin ya fi haka faɗi. A 2006 masu bincike a yankin Boston suka zana taswirar inda Polikom ke zaune a ƙwayoyin tayi na farko-farko, waɗanda ba su zaɓi aiki ba tukuna. Suka same shi a kan ɗaruruwan sadarorin da ke jagorantar gina ƙwaƙwalwa, zuciya, jini da ƙashi. Bradley Bernstein ya lura cewa da yawansu na ɗauke da alamomi biyu masu karo da juna a lokaci ɗaya, ta rufewa da ta buɗewa. An riƙe su ne ana jira. Ƙwayar da ta nufi zama ta jijiya sai ta goge alamar rufewa a kan sadarorin jijiya, ta ƙarfafa ta a kan na tsoka. Tayin ɓeran da ya rasa EZH2 ko EED ba ya kai rabin cikin kwana 20 da ɓera ke yi. Yakan lalace daidai lokacin da ƙwayoyi ke fara rabuwa gida-gida. Polikom na da hannu har a rufe ɗaya daga cikin kuromosom X biyu na mace, lamarin da Mary Lyon ta bayyana a 1961, wanda shi ya sa kyanwa mai dabbare-dabbaren ja da baƙi kusan kullum mace ce.

Tsarin da sai an yi ta sabunta shi yana da saurin rauni, likitocin kansa kuma sun ga haka. A 2010 masu bincike a Bankuba ta Kanada suka sami sauyi a EZH2 a wasu nau'o'in kansar ƙwayoyin garkuwar jiki, sauyin da ke sa enzayim ɗin wuce gona da iri. Sadarorin da za su sa ƙwaya ta balaga ta daina rabuwa sai su kasance a kulle. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tazemetostat, maganin da ke daƙile EZH2. Yaran da aka haifa da sauyi a kwafi ɗaya na EZH2 kuwa kan yi girman da ya wuce shekarunsu, ƙashinsu ya riga lokaci, larurar da ake kira ciwon Weaver, wadda aka gano tushenta a 2011.

Mafi tayar da hankali shi ne wani ƙari da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwar yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 10, a wurin da ke sarrafa numfashi da haɗiya, inda wuƙar likita ba ta iya shiga. Yawancin yaran ba sa cika shekara guda bayan an gano shi. A 2012 ƙungiyar Suzanne Baker a Memfis da ta Nada Jabado a Montiriyal suka karanta DNA na irin waɗannan ƙari, suka sami sauyin harafi ɗaya a sadarar histon H3. A gurbi na 27 ne, laisin ya koma wani sinadarin. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan ƙari na ɗauke da shi. Gurɓataccen histon bai kai kashi ɗaya cikin biyar na histon H3 da ke ƙwayar ba, amma Peter Lewis da David Allis sun nuna a 2013 cewa yana kama EZH2 ya hana shi aiki, har alamar ta ragu a kusan ko'ina. Ƙwayar da ya kamata ta balaga ta zama mai hidimar jijiya sai ta maƙale a ƙuruciya, tana ta rabuwa.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, akwai wani shirun da ya fi waɗannan kusa da gida. Jaririn da ya gaji sikila daga iyaye biyu kan fito lafiya sumul. Sai ya kai wata biyar ko shida hannu da ƙafa su fara kumbura, kuka ya ƙi ƙarewa, uwa ta kwana zaune. Likitar yara Janet Watson ta lura da wannan jinkiri a Brooklyn tun 1948, ta kuma danganta shi da irin jinin da jariri ke zuwa da shi. Ɗan tayi na amfani da wani himoglobin na daban, wanda ba ya lanƙwashe jajayen ƙwayoyin jini, yana ma hana na sikila yin haka. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe sadarar himoglobin ɗin tayi ya buɗe ta manya, a ta manyan kuma tangarɗar take. Kafin yaro ya shekara, na tayin ya kusa ƙarewa.

Lafiyayyar sadara na nan kwance a jikin kowane mai sikila, rufe ta aka yi. A 1955 George Edington da Hermann Lehmann suka ba da rahoton wasu manya a Gana da gwaji ya nuna jininsu na sikila ne amma suna cikin ƙoshin lafiya, domin nasu himoglobin ɗin tayi bai rufe ba. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka tabbatar da mai ba da umarnin rufewar, furotin mai suna BCL11A. Shi ke zama a bakin sadarar, ya kira wani gungu da ake ce wa NuRD. Wannan ba dangin Polikom ba ne, amma sana'arsu ɗaya. A cikinsa akwai enzayim da ke kankare asetil daga wutsiyar histon, da wani da ke tura dunƙulen ya tare hanya.

Daga nan magani ya fito. Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba, ba ya taɓa tangarɗar sikila ko kaɗan. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga majiyyaci, a yanke wani ɗan yanki da ke kunna BCL11A a jajayen ƙwayoyi, a mayar da su. Babu mai kiran NuRD, sadarar tayi ta farka. Cikin mutum 31 da aka bi diddiginsu a gwaji, 29 sun yi shekara cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, sai kuma an rushe ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi an kwantar da shi makonni. Nijeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, ta fi kowace ƙasa bukatarsa, tana kuma cikin waɗanda ya fi yi wa nisa. Wannan abin takaici ne da bai kamata a saba da shi ba.

Abin da zai isa ga talaka ƙwayar magani ce ta haɗiya. Akwai haidiroksiyuriya, tsohon magani mai araha da ke ɗaga himoglobin ɗin tayi ta wata hanyar, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da na Jami'ar Vanderbilt suka gwada a kan yara don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Masu haɗa magunguna kuwa sun juya kan gungun masu rufewa kai tsaye. Kamfanin Fulcrum na Amurka ya haɗa ƙwaya mai suna pociredir da ke toshe aljihun EED, wanda PRC2 ke gane tsohuwar alama da shi. Idan PRC2 ya yi rauni a ƙwayoyin da ke zama jini, wasu sadarorin zamanin tayi kan farka su rage BCL11A, himoglobin ɗin tayi ya ƙaru. Haɗarin a bayyane yake, tunda PRC2 ɗin nan shi ke tsare ɗaruruwan wasu sadarori a sauran jiki. A Fabrairun 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin saboda kansar jini da aka gani a dabbobin gwaji da kuma a wasu magunguna masu taɓa PRC2. A Agustan shekarar ta ba da izinin ci gaba, da sharaɗin a taƙaita shi ga majiyyatan da ciwonsu ya yi tsanani.